Datse kwanson harsashi kafin a sake cika shi: tambayoyi da amsoshi

Masu sha'awar wasan harbin saiti a nan Yamai, musamman waɗanda suka ga yadda ake yin sa a Faransa ko Amurka, sukan yi mamakin ganin maharbi ya zauna yana aske bakin kwanson da ya riga ya harba kafin ya sake cika shi. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan aiki. Sai dai a tuna cewa a Nijar riƙe bindiga da harsashi sai da izinin hukuma, kuma bayanin nan na wanda doka ta yarje wa ne.

Me ke sa kwanso ya ƙara tsawo?

Kwanson harsashi na tagulla ne, wato kashi 70 cikin ɗari jan ƙarfe, kashi 30 zinki, kuma ƙarfe ne mai miƙewa. Idan albarushi ya kama wuta, ƙarfin iskar da ya haifar yakan buɗa kwanson har ya manne da bangon mazauninsa a cikin bindiga. Daga baya, idan aka matse shi a cikin ƙarfen da ke mayar da shi girmansa na asali, tagullar da ta buɗe ba ta da wurin zuwa sai gaba, wajen wuya. Shi ya sa ake auna tsawo bayan matsewa, domin wanda ya auna kafin nan awonsa ba zai tsaya ba. Kwanso mai kafaɗa da siririn wuya ya fi saurin miƙewa, amma na ƙaramar bindigar hannu mai miƙaƙƙen jiki da wuya ya bukaci datsewa.

Mene ne haɗarin barinsa da tsawonsa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a wurina. A gaban mazaunin harsashi akwai inda ramin ke tsukewa ya shiga bututun bindiga. Idan kwanso ya wuce iyaka, bakinsa yakan cusa cikin wannan matsatsin, ya damƙe kan harsashin ya hana shi fita a kan lokaci, sai matsin wuta ya hau fiye da abin da aka ƙera bindigar ta ɗauka. Abin da kan biyo baya shi ne makullin da ke rufe mazaunin harsashi ya ƙi buɗewa, ko hular gindin kwanso, wadda ke kunna albarushi, ta fita, ko kwanson ya fashe kusa da fuskar mai harbi. A ƙasarmu kuma akwai ƙarin dalili, domin a watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai da Tawa yakan haura digiri 40, kuma harsashin da ya sha rana matsinsa ya fi na wanda ke inuwa.

Zuwa wane tsawo ake datsewa?

Kowane irin harsashi yana da iyakar da hukumomin awo suka tsayar, wato SAAMI ta Amurka da aka kafa a 1926, da kuma CIP da ƙasashen Turai da dama ke bi. Iyakar kwanson .308 Winchester milimita 51,18 ce, ana kuma datse shi zuwa 50,93. Na .223 Remington iyakarsa 44,70, ana mayar da shi 44,45. Rubu'in milimita ke nan ake ragewa, abin da ido ba zai iya tantancewa ba, don haka dole a yi amfani da ma'aunin makanikai mai baki biyu wanda ke nuna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita.

To ina ruwan wannan da iya saiti?

Mai harbin nesa yana son kowane harsashi ya fita da gudu iri ɗaya da na ɗan'uwansa. Idan wuyan wani kwanso ya fi na wani tsawo, ko bakinsa ya karkace, riƙon da yake yi wa kan harsashin zai bambanta, kuma ƙaramin bambancin gudu a bakin bindiga yakan zama tazara babba a mita 600. A ganina daidaiton tsawo tsakanin kwansunan ya fi muhimmanci a kan dacewa da wata lamba takamaimai, muddin dai duk suna ƙasa da iyaka. Bayan datsewa da ƴar na'urar juyawa, irin ta kamfanin RCBS ko Forster, sai a kankare kaifin bakin ciki da waje, don kada ya karce jikin kan harsashin lokacin da ake zaunar da shi. A lokacin hunturu kuwa a goge ƙura tukuna, domin rairayi na cin kayan aiki.

Sau nawa za a iya datse kwanso ɗaya?

Tagullar da ake askewa a baki daga wajen gindi ta taho, ke nan bangon can yana ƙara sirancewa. Masu aikin da yawa sukan yar da kwanso bayan datsewa ta huɗu ko ta biyar. Alamar ƙarewarsa ita ce wani zobe mai ƙyalli da kan fito kusa da gindi, kuma idan aka zura lanƙwasasshiyar waya ciki za a ji ta maƙale a wani kwari daidai wurin. Kwanson da ya nuna haka a murƙushe bakinsa a ware shi, kada ya koma cikin masu kyau.