Kan maganar fasa motoci a unguwa: wa doka ta kama, wa ba ta kama ba

Jama'a tun da anka fara fasa gilashin motoci cikin dare a unguwarmu, 'yan sanda sunka shigo bincike, saƙonnin murya sai yawo suke a WhatsApp, wani ya ce duk wanda anka samu da waya ko batir na hannu shekara 14 ce ba tambaya, wani ya ce in ba a ga yaro ba ubanshi za a ɗauka. Maƙwabcina da anka fasa ma tashi motar ranar Talata na gani da idona, gilashin baya ya zube kan kujera kamar tsakin gishiri, an ɗauke jakar kwamfuta an yanke wayoyin batir, don haka na san zafin da mutane ke ji. Amma rabin abin da ake faɗi ba haka yake a doka ba.

Mu fara da shekara 14 ɗin nan don ita ta fi firgita mutane. E akwai ta. A final kod, wato kundin dokar hukunta laifuka da Arewa ta gada tun 1960 (wasu jihohi sun sabunta nasu daga baya), sata zalla hukuncinta na iya kai shekara 5, shi kuwa mai karɓar kayan sata nashi na iya kai 14 ko tara ko duka biyun. Wato mai saye ya fi ɓarawon shiga uku, kuma ni ban ga laifin wanga tsari ba, don ba domin akwai mai jiran batir da asuba da kuɗi a hannu ba, babu yaron da zai wahalar da kanshi ya kwance shi.

Sai dai akwai sharaɗin da masu tura saƙon ke tsallakewa. Dokar cewa ta yi wanda ya karɓa ko ya riƙe kayan da rashin gaskiya, alhali ya san na sata ne, ko yana da dalilin da zai sa ya yarda na sata ne. Wanga yanki na biyu shi ne mai ruɗin. Ba sai ɓarawo ya ce maka ga kayan sata ba. Wani ya tsayar da kabu-kabu bayan isha'i ya miƙo maka waya mai tsada a kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinta, ba kwali ba caja, kuma a kulle take bai san lambar buɗewa ba, yana ta waige-waige yana cewa yi sauri, to malam kana da dalili, ko ka rantse ba ka sani ba alƙali zai duba waɗannan. Wanda ko ya shiga shago da rana tsaka, ya biya kuɗin da anka saba, anka rubuta mishi rasit, nashi daban ne. Za a iya kiranshi ya ba da bayani, wayar ma za ta iya komawa ga mai ita ya bi kuɗinshi wurin wanda ya sayar mishi, amma wannan bai maishe shi mai laifi ba. Kuma 14 ɗin iyaka ce ta sama, alƙali ke yankewa bayan shari'a, ba ɗan sanda a kantar caji ofis ba. In kotun shari'ar Musulunci anka kai maganar, ita da nata kundin take aiki.

Inda nike jin tausayi shi ne masu gyaran waya da masu cajin batir da 'yan gwangwan, da yawansu ba su rubuta komai, amana ce kawai da sanayya. Su ne farkon waɗanda ake bi, kuma ranar da anka zo babu abin da za su nuna. Littafi ɗaya na makaranta da biro, sunan wanda ya kawo kaya da lambar wayarshi da kwanan wata, zai raba su da kwana a caji ofis.

Maganar ɗaukar uba a madadin ɗa kuwa haramun ce, sashe na 36 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama wani a madadin wanda ake zargi. Dokar dai ta ce aski ko irin tufafi ko shekarun mutum ba su isa dalilin zargi ba, to kar a riƙa nuna yaran mutane don sun tara suma. Wanda anka kama kuma sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu, to daga Mabera ko Arkilla ko Runjin Sambo nan cikin garin Sakkwato wace kotu ce ta kai kilomita 40? Beli kyauta ne. Duka don mutum ya amsa laifi ma laifi ne mai zaman kanshi tun dokar hana azabtarwa ta 2017, har shekara 25 ake iya yi a kai.

'Yan sintirinmu, Allah ya saka muku da alheri, kuna da damar kama wanda kunka gani yana fasa mota, doka ta yarda, amma miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba shi ne iyakar damar. In anka taru anka doke shi ya mutu, masu gorar nan tuhumar kisan kai ke jiransu, a kan batir.

Wanda anka fasa ma mota kuma don Allah ya daina sharewa da wankewa kafin a zo a gani. Ya ɗauki hoto, ya nemo kwalin wayarshi don lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, na jikinshi, ya je ofishin 'yan sanda na yankinshi ya ba da rahoto a rubuce. Maƙwabcin nawa sai da ya kai motar wurin mai gilashi anka sa sabo kana ya tuna da rahoton.