Sholisho: Tambayoyin da Iyaye Ke Yi Mana a Kaduna

Mu 'yan sa-kai ne masu zagaya unguwanni muna wayar da kai a kan shaƙe-shaƙe. Daga Kawo har Tudun Wada, tambayoyin iyaye kusan iri ɗaya ne.

Me ya sa ba a kama masu sayar da sholisho?

Saboda kayan sana'a ne. Gam ne da mai faci da mai gyaran takalmi ke aiki da shi kullum, haka fetur, haka tina ta masu fenti. Maganin tari mai kodin gwamnatin tarayya ta iya hana haɗa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018, bayan binciken BBC. Sholisho kuwa in ka hana, ka taɓa abincin mai faci. Shi ya sa ya fi komai arha da sauƙin samu, yaro ɗan shekara goma ma ya san inda ake sayarwa.

Ba ɗan maye ne kawai ba, ya wuce?

Nan ne zuciyata ke karyewa in na ji uwa ta faɗi haka. Tururin yana shiga jini ta huhu, cikin daƙiƙoƙi ya kai ƙwaƙwalwa, kuma yana rikita bugun zuciya. Yaron da ya shaƙa, in ya firgita ko ya kwasa da gudu, zuciyar na iya tsayawa nan take, ko da ranar ce ya fara. Wanda ya daɗe yana yi kuma sai mantuwa, rawar hannu, raunin ji, da ciwon hanta ko ƙoda. Ku duba hannun rigarsa: tsumma dunƙule yana kai wa hanci kamar mai mura, ƙuraje a gefen baki, warin gam a numfashi.

To in na ritsa shi yana shaƙa fa?

Baba, don Allah a ajiye bulala. Kada a daka masa tsawa, kada a bi shi da gudu. A karɓi tsumman a hankali, a buɗe taga, a zaunar da shi. In ya suma a kwantar da shi a gefensa, a garzaya asibiti. Faɗa sai ya dawo hayyacinsa.

Me ƙungiyoyi ke nema a yi?

A Ingila a 1985 doka ta haramta sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 irin waɗannan kaya in mai shago na da dalilin zaton shaƙa zai yi, kuma ƙungiyar Re-Solv tana wannan fafutuka tun 1984. A 2016 suka maye gurbin waccan doka da wata da ta rufe ƙofar sababbin kayan mayen da ke zamewa ta ramukan doka. Irin ta farkon muke roƙo a nan. Kafin ta zo, shago-shago muke bi, mu zauna da mai unguwa da liman da shugabannin masu faci, su amince ba za a miƙa wa yaro gwangwani ba sai an san ubangidan da ya aiko shi.

Ina za mu kai wanda ya yi nisa?

Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, ko a nemi shawara a ofishin NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi da aka kafa a 1989. Ban da gidan mari. Mutanen Kaduna ba mu manta da Satumban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa, yawancinsu kuma 'yan uwansu ne suka kai su da niyyar gyara.