Baje Koli: Abin da Ake Bajewa da Abin da Ake Ajiyewa

Kwanan nan duk inda ka murɗa rediyo a Jos, baje koli ake yi. Masu zane sun baje koli, 'yan siyasa ma sun baje kolin ayyukansu. Ban damu da waɗannan ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jin wani mai gabatar da shiri yana cewa an baje kolin gumakan Nok, wato tsofaffin mutum-mutumin nan na yumɓu da aka tono daga ƙasa, a gidan tarihi na Jos.

Koli kayan ɗan koli ne: allura, zare, madubi, kwalli, tsakiya, 'yan kwalaben turare. Ranar kasuwa ya zo da sassafe, ya shimfiɗa tabarma ya jera su, mata su taya, ya ce albarka, a daidaita. Kafin magariba ya tattare ya ɗaure, gobe sai kasuwar wani gari. Kalmar tana ɗauke da abu biyu ke nan: kayan na sayarwa ne, kuma ba zama suka zo yi ba.

To, idan matashi ya kwaso zane-zanensa ya rataye su na mako biyu a wani zaure cikin tsohon gini, mutane su shigo su kalla, wani ya yi ciniki, lokaci ya cika a sauke a ba wa mai sassaƙa wuri, wannan baje koli ne sak. Ina son irin wannan nunin, domin shi ke sa mutumin da ya taɓa shiga wuri sau ɗaya tun yana ɗan firamare ya sake komawa.

Amma gumakan Nok fa? Tun 1952 da Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, ya kafa gidan tarihin Jos ake adana irinsu a can. Masu haƙar kuza ne suka fara tono su, shekarun gumakan sun haura 2000. Ajiya ce, amana ce, babu mai tayawa. Kuma mun san ɓarayi sun yi ta haƙe irinsu a kudancin Kaduna suna sayar wa dillalan Turai. Wanda ya kira su koli a rediyo, bakin waɗancan dillalai ya ara ko da bai sani ba. Ya ce an adana su, jama'a na zuwa gani, ya wadatar.