Wuraren Tarihin Yaƙi a Karkarar Kano da Jigawa

Wuraren tarihin yaƙi a karkarar Kano da Jigawa su ne ragowar ganuwa, da kufai, da filayen daga, da kaburbura waɗanda yaƙe-yaƙen ƙasar suka bari tun daga ƙarni na 14 har zuwan Turawa. Galibinsu ba su da allo, ba su da maigadi. Matafiyi kan wuce su da mota a guje, yana ganin tudun jar ƙasa a bakin gona, bai san cewa katangar gari ce ba.

Mai neman motocin yaƙi sai ya nausa kudu, zuwa Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahiya a Jihar Abiya. A can aka ajiye motoci masu sulke da jiragen sama da jirgin ruwa na yaƙin basasar 1967 zuwa 1970. A ƙasar Kano kuwa doki ne abin hawan yaƙi, don haka kayan da suka rage na doki ne da na mahayinsa.

Ganuwa da kayan yaƙi

Garin da ya amsa sunansa a da yana da ganuwa ta tubali, da ƙofofi da ake rufewa da magariba. A waje akwai gwalalo, wato rami mai zurfi da ya kewaye garin, sau da yawa an bar sarƙaƙiya ta cika shi. Ta ciki kuma akwai badala, inda maharba ke tsayawa da baka da kwari. Wanda ya tsaya a kan irin wannan tudu bayan an cire amfanin gona zai iya bin layin gwalalon da ido, domin ƙasar wurin ta fi baƙi, ciyawarta kuma ta fi daɗewa ba ta bushe ba.

Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kanajeji (1390 zuwa 1410) aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Lifidi riga ce mai kauri da aka cusa wa auduga aka ɗinke, ana sa wa doki da mahayi don kibiya ta kasa huda su. Ana iya ganin irin waɗannan kaya a gidan tarihi na Gidan Makama cikin birnin Kano, amma inda suka fi kyan gani shi ne ranar hawan salla, sa'ad da 'yan lifida suka fito a gaban sarki.

Kudu da gabas

Dutsen Santolo, a ƙasar Dawakin Kudu, na daga cikin mafi tsufa. Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) ne ya ci garin, a zamanin da malaman Wangarawa suka iso Kano.

Daga Wudil hanya ta miƙa zuwa Takai, kuma a nan tarihi ya yi kauri. Da aka naɗa Tukur sarautar Kano a 1893, Yusufu ɗan Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi ya fice da 'yan'uwansa da bayinsa, suka yi sansani a Takai. Daga nan Yusufawa suka riƙa cin garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Yusufu ya rasu a Garko kafin a kai ga birni, aka miƙa jagoranci ga ƙanensa Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu. Shi ya shiga Kano a 1894, aka kuma kashe Tukur a Tafashiya a 1895. Basasa ce ta 'yan gida ɗaya, amma talakan karkara ne ya fi ɗanɗana kuɗarta, domin rumbunsa aka kwashe, 'ya'yansa aka kama. Wannan yanki dai shi ne ya sha hare-haren Ningawa shekara da shekaru, abin da ya sa garuruwansa suka riƙe ganuwa da muhimmanci.

Bebeji, kusa da hanyar Zariya, ita ce ta fara tarar rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland a farkon Fabrairun 1903. Harsashin igwa ya fasa ƙofar garin, sarkin garin ya rasu tare da mutanensa. Ranar 3 ga watan Kano ta faɗi, alhali Sarki Alu yana kan hanyar dawowa daga Sakkwato.

Hanyar Haɗeja

Hanyar ta bi ta Gezawa, garin da rundunar Damagaram ta Ahmadu Kuran Daga ta auka wa a ƙarshen shekarun 1890. Damagaram na da igwogi ƙirar gida tun zamanin Sarki Tanimu, abin da ya sa ake shakkarta.

Haɗeja kanta ta isa a kwana a cikinta. Garin Sarki Buhari ne, wanda ya bijire wa Sakkwato, ya kuma karya rundunar da aka haɗa masa a Gamon Kaffur, kafin rasuwarsa a yaƙin Bade a 1863. A watan Afrilun 1906 kuma Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa. An gwabza a cikin gari, lungu-lungu har ƙofar fada, sarkin ya faɗi tare da manyan jarumawansa. Shi ya sa Haɗejawa ke kiran sa Mai Shahada. A garin ne kuma kabarin Kyaftin Phillips yake, Baturen da suka laƙaba wa Mai Tumbi.

Halin da wuraren ke ciki

Ruwan sama na cin ganuwa kowace damina, amma hannun mutum ya fi ruwa ɓarna. Ana haƙar ƙasarta a buga bulo, ana yanka fuloti a kan gwalalo, wani wurin ma an mayar da shi juji. Abin takaici ne ƙwarai, domin ganuwar ƙasa in ta tafi ba a sake samun irinta.

Lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne kaka zuwa hunturu, sa'ad da hanyoyin burji suka bushe, gonaki kuma suka buɗe. Baƙo kan fara da gidan hakimi ko dagaci, ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ke tafe da shi. A nan ake haɗa shi da dattijon da ya san inda kowace ƙofa take a da, da sunanta, da gidan da ke riƙe da sarautar tsaronta. Ba a hawa kan kabari, ba a ɗaukar hoton cikin gida sai da izini, kuma duk abin da aka tsinta a kufai, ko da guntun kasko ne ko bakin kibiya, a wurin ake barin sa.