Daga littafin cikin kwali zuwa bakin mai POS

Duk wanda ya sayi waya a Bauchi bayan shigowar GSM a 2001 zai tuna ɗan littafin da ke zuwa cikin kwalin Nokia 3310, da Turanci da zanen yadda ake sa sim da batir. Kaɗan ne cikinmu suka karanta shi. Mai shago a Wunti ne ke kunna maka wayar, ya nuna maka inda za ka latsa, littafin kuma ya ƙare a ƙarƙashin katifa tare da rasit.

Ashe ba halinmu ba ne mu kaɗai. Tun a shekarun 1980 wani mai bincike a kamfanin IBM, John Carroll, ya zuba ido kan masu koyon kwamfuta, ya ga ba sa bin littafi shafi bayan shafi. Kan aikin suke faɗawa, sai sun maƙale sannan su nemi taimako. Shawararsa ita ce a rage dogon bayani, a fara da abin da mutum ke son yi, a kuma nuna masa mafita idan ya yi kuskure. A ganina, wannan na ƙarshen ya fi komai muhimmanci, kuma shi aka fi sakaci da shi har yau.

Daga nan bayani ya bar takarda ya shige cikin na'ura. Windows 3.0 ta zo a 1990 da taimakon da ake karantawa a allo, maɓallin F1 ya zama ƙofarsa. A Office 97 Microsoft ta ƙara da Clippy, hoton ɗan ƙarfen maƙale takardun nan mai idanu da ke leƙowa ba a kira shi ba. Waɗanda suka buga furojet a shagunan kwamfuta na Yelwa sun san shi. Ya ishi mutane, Office 2007 ta zo babu shi. Sai YouTube a 2005 ya mai da koyo abin kallo, sai ChatGPT a ƙarshen 2022 ya mai da shi hira. Yanzu masu sana'ar rubuta bayanin yadda ake amfani da na'ura sun fi ba da ƙarfi ga 'yan kalmomin da ke kan maɓalli da saƙon da ke fitowa idan abu ya ƙi.

To a nan Bahaushe ke shan wuya. An sa Hausa a Google Translate a 2013, Facebook ma ya biyo baya a 2016, amma saƙon da ke tsinka zuciya, wanda ke fitowa lokacin da ka tura kuɗi suka maƙale, har yanzu da Turanci yake zuwa, kuma ba ya faɗin abin yi. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tona wannan, domin ya tura 'yan kasuwa da dattawa kan taransfa ba shiri. A shekarar ce kuma hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta haɗe lambobin layukan waya, *310# ta zama ta duba kuɗi a kowane layi. Ni dai a saƙon murya na WhatsApp na fara jin haka.

Kwanaki a kasuwar Muda Lawal na ga wata dattijuwa ta miƙa wa mai POS wayarta. "Ɗana, duba mini, kuɗin nan sun fita ko ba su fita ba?" Ya karanta saƙon sau biyu, ya ce, "Hajiya, shi ma bai faɗa ba. Ki dai jira zuwa gobe, kada ki sake turawa."