Mene ne “kuɗin ɗawainiya” a tallafin binciken jami'o'in Amurka?

Ranar Juma'a 7 ga Fabrairun 2025, hukumar NIH, wadda ta fi kowace hukumar gwamnatin Amurka zuba kuɗi a binciken lafiya, ta fitar da sanarwa cewa daga Litinin mai zuwa ba za ta biya kowace jami'a kuɗin ɗawainiya fiye da kashi 15 cikin 100 ba. Kafin Litinin ɗin ta fita, jihohi 22 sun maka ta a kotu. Mai karatu zai yi mamakin yadda layi ɗaya a kasafin bincike zai tayar da ƙura haka, sai ya san abin da ke cikinsa.

Kowane tallafin bincike kashi biyu ne. Akwai kuɗin kai-tsaye, wato abin da za a iya nunawa da yatsa a ce na wannan aikin ne shi kaɗai: albashin masu binciken, sinadarai, ɓerayen gwaji, kuɗin tafiya. Sai kuɗin ɗawainiya, wanda takardun jami'o'i ke gajartawa da F&A, harufan farko na kalmomin Turanci masu nufin gine-gine da gudanarwa. Shi ne abin da aikin ke ci amma ba a iya rabe shi da na sauran ayyuka. Tela ya san yadin da zaren da suka shiga rigarka, amma hayar shago da kuɗin wuta da gyaran keke na dukan rigunan da ya ɗinka ne, kuma dole ya saka su a farashi ko ya rufe shago. A jami'a, wannan ya haɗa da wutar firjin da ke riƙe samfurin jini a digiri 80 ƙasa da sifili dare da rana, na'urorin tace iskar ɗakin gwaje-gwaje, kwashe shara mai guba, laburare, ruwan bashin da aka ci aka yi ginin, akantoci, da kwamitin da ke tantance duk binciken da ya shafi ɗan Adam ko dabba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar adadin ɗawainiyar da aka yanka wa kowace jami'a a matsayin kason da take cirewa daga tallafin. Idan an ce adadin Jami'ar Mishigan kashi 56 ne, ba ana nufin ta ɗebe dala 56 daga kowace 100 ba. Ɗorawa ake yi a kan kuɗin kai-tsaye: dala 100 ta aiki, a ƙara 56, jimilla 156, kason ɗawainiya ya zama kusan kashi 36 na duka. Kuma ba a kan dukan kuɗin kai-tsaye ake ɗorawa ba. Ana fara cire manyan na'urori, kuɗin makarantar ɗalibai, kuɗin jinyar marasa lafiya, da duk abin da ya haura dala 25,000 a kason da aka yanka wa wata cibiyar haɗin gwiwa. Ƙa'idar da aka sabunta a 2024 ta ɗaga wannan iyaka zuwa 50,000, sai dai jami'a ba ta fara aiki da ita har sai an sake yarjejeniyar adadinta da gwamnati.

Ga misali a lissafe. Wata farfesa ta nemi dala 500,000 na kai-tsaye a shekarar farko. A ciki akwai na'ura ta 100,000, kuɗin makarantar ɗalibi 30,000, da 120,000 da za a tura wa abokan aiki a wata jami'a. A cire 100,000, a cire 30,000, a cire 95,000 da ya haura 25,000 a kason abokan aikin, saura 275,000. Kashi 56 na wannan shi ne 154,000. Gwamnati za ta biya 654,000, kuɗin ɗawainiya bai kai rubu'in jimillar ba. Idan aka koma kashi 15, abin da za a samu 41,250 ne. Giɓin dala 112,750 ke nan a tallafi ɗaya a shekara ɗaya, alhali firjin bai rage shan wuta ba. Alƙaluman NIH ma haka suka nuna: cikin dala biliyan 35 da ta raba a shekarar kasafi ta 2023, kimanin biliyan 9 ne na ɗawainiya.

Ba jami'a ke yanka wa kanta adadin ba. Takan ɗauki asusunta na shekara guda da masu binciken kuɗi suka tantance, ta tattara abin da ta kashe rukuni-rukuni, ta raba da jimillar kuɗin kai-tsaye na bincike, sannan ta zauna ciniki da jami'an ma'aikatar lafiya ta tarayya, wasu jami'o'in kuma da ofishin bincike na rundunar sojan ruwa. Abin da aka daidaita a kai yakan yi shekara biyu zuwa huɗu. Wurin da aka fi ja-in-ja shi ne ƙidayar ɗakuna. Ana bin gini ɗaki-ɗaki ana rubuta faɗinsa, da waɗanda ke aiki a ciki, da asusun da ke biyan su. Ɗakin da rabin mutanensa ɗalibai ne masu karatun aji ba zai shiga lissafi a matsayin na bincike zalla ba, kuma jami'an gwamnati kan zo su duba da idonsu. Laifi na biyu da ake yawan kamawa shi ne cajin abu sau biyu, kamar a saka albashin sakataren sashe a kuɗin kai-tsaye alhali yana cikin rukunin gudanarwa. Akwai kuma abubuwan da aka haramta sakawa baki ɗaya: barasa, walima, kamun ƙafa a majalisa, da hidimar neman gudummawa.

Waɗannan ƙa'idoji ba haka kawai suka tsananta ba. A 1991 allura ta tono garma a Jami'ar Stanford, inda aka gano an saka har da lissafin wani jirgin ruwan shaƙatawa da furannin gidan shugaban jami'a a kuɗin ɗawainiya. Ɗan majalisa John Dingell ya yi zaman sauraron bahasi, shugaban jami'ar Donald Kennedy ya sanar da murabus, gwamnati kuma ta ƙayyade ɓangaren gudanarwa a kashi 26. Har yau yana nan a 26, duk da ƙa'idojin da jami'o'i ke bi sun ninka tun lokacin. Saboda haka duk jami'ar da ka ga adadinta ya haura 50, abin da ke sama da 26 na gine-gine ne da wuta da na'urori.

Hujjar NIH a 2025 ita ce gidauniyoyi masu zaman kansu na biyan ƙasa da haka, jami'o'i kuma na karɓa. Gidauniyar Gates kashi 10 take bai wa jami'o'in Amurka. NIH ta kafa misali da Harvard mai kashi 69, da Yale, da Johns Hopkins, ta nuna girman asusun waƙafinsu, ta ce za a ceto sama da dala biliyan 4 a shekara. Maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya: lissafin yana da sarƙaƙiya, malamai da kansu sun daɗe suna ƙorafin ba su san inda kuɗin ke shiga ba, kuma tsarin na saka wa mai gini mai tsada. Amma kwatancen ya karkace. Gidauniyoyi kan yarda a saka wasu abubuwan ɗawainiya a kuɗin kai-tsaye, kuma tallafinsu ƙarami ne da ke hawa kan ɗakunan da kuɗin gwamnati ya riga ya tsayar. Sannan an nuna Harvard, amma bugun ya fi sauka a kan jami'o'in jihohi.

Dalili kuwa, kuɗin ɗawainiya mayarwa ne na abin da aka riga aka kashe. Idan ya ragu, jami'ar jiha ƙofa uku gare ta: kasafin da majalisar jiha ke ba ta, kuɗin makaranta, da waƙafi. Ba kasafai majalisa ke ƙara kuɗi tsakiyar shekara ba. Ƙarin kuɗin makaranta sai da yardar hukumar gudanarwa, kuma 'ya'yan masu biyan haraji ne za su biya. Mafi yawan waƙafi kuma a ɗaure yake da sharaɗin wanda ya bayar. Wanda ya ba da kuɗi don kujerar farfesan tarihi bai yarda a biya wutar ɗakin ɓeraye da shi ba. A takardun ƙara an ce Jami'ar Mishigan za ta rasa kusan dala miliyan 181, ita da ke cikin masu hali a jami'o'in jihohi, ballantana ƙananan.

Tun kafin a rage ko sisi, fargaba ta yi aikinta. A Maris na 2025 Jami'ar Kalifoniya ta dakatar da ɗaukar ma'aikata a dukan rassanta, makarantar likitanci ta Jami'ar Masachusets kuma ta janye guraben digiri na uku da ta riga ta yi wa ɗalibai tayi. Ɗalibin digiri na uku alkawari ne na shekara biyar ko fiye, babu shugaban sashen da zai ɗauka bai san me gobe za ta haifar ba. Waɗanda ke cin abinci daga wannan layi kuma ba farfesoshi ba ne: masu gyaran wuta da famfo ne, masu kula da dabbobi, masu gadi, akawu. A Alabama, jami'ar jiha da ke Birmingham tare da asibitinta na sahun gaba a masu ɗaukar ma'aikata, shi ya sa Sanata Katie Britt, 'yar jam'iyyar Shugaba Trump, ta fito ta nemi a bi a hankali.

A kotu, mai shari'a Angel Kelley ta birnin Bostan ta tsayar da matakin ranar 10 ga Fabrairu, ta mayar da hanin na dindindin a Afrilu, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Janairun 2026. Babban abin da ya kayar da NIH shi ne wani sharaɗi da majalisar dokoki ke sakawa a dokar kasafi tun 2018, bayan gwamnatin Trump ta farko ta nemi a mayar da adadin kashi 10, wanda ya hana taɓa tsarin. Ma'aikatar makamashi, hukumar kimiyya ta NSF da ma'aikatar tsaro duk sun gwada kashi 15 ɗin, kotuna suka tare su. Tsugune dai ba ta ƙare ba, domin sharaɗin na kasafin shekara-shekara ne, majalisar da ta saka shi tana iya cire shi.

Mai bincike a Kano ko Zariya ko Yamai da ke haɗin gwiwa da jami'ar Amurka yana da nasa adadin daban. Cibiyoyin ƙasashen waje ba sa ciniki. Kashi 8 NIH ke ba su, an yanke shi ne don hidimar bin ƙa'idoji kawai. A kan dala 200,000 da suka rage bayan cire abubuwan da ba a ɗorawa a kansu, 16,000 ke nan. Saboda haka ƙa'idar ta ba su damar neman wasu abubuwa, kamar hayar wurin aiki, a layin kai-tsaye. Wanda ya tsara kasafinsa bai tambayi ofishin tallafi na jami'ar da suke haɗin gwiwa abin da za a amince masa ba, zai tarar da man janareton da ke riƙe firjin samfura ya faɗo kan asusun sashensa.