Ƙa'idar nuna alamar da aka zaɓa a shafin intanet: launi kaɗai bai isa ba

A ce mai sayar da kayan fata a Damagaram yana da shafi, a samansa akwai jerin alamomin tace kaya: takalma, jakunkuna, matasai. Mai saye ya taɓa "jakunkuna". Dole shafin ya nuna masa a fili cewa ita ya zaɓa, kuma akwai ƙa'ida a kan yadda za a nuna.

Ƙa'idar tana cikin kundin WCAG, wato jagorar sauƙaƙa shafukan intanet ga masu nakasa, na W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, wanda sigarsa ta 2.1 ta fito a 2018, ta 2.2 kuma a 2023. Ba majalisa ce ta rubuta shi ba, amma a kansa Faransa ta gina nata kundin irinsa, mai suna RGAA.

Sashe na 1.4.1 ya hana dogaro da launi kaɗai. Idan alamar da aka zaɓa ta koma kore, a ƙara mata wani abu: a ja layi a ƙarƙashinta, ko a kaurara rubutun, ko a sa ✓ a gefenta. Akwai mutanen da ba sa rarrabe ja da kore, kuma galibinsu maza ne. Ko mai lafiyar ido, idan ya tsaya a kasuwar Dole da tsakar rana ya rage hasken waya don tattalin caji, launuka kan dushe masa.

Sai ma'aunin bambancin haske. Sashe na 1.4.11 yana son bambancin haske na aƙalla 3:1, wato ɗaya ya ninka ɗayan sau uku, tsakanin layin ko zoben da ke nuna zaɓi da launin da ke kewaye da shi. Ƙaramin rubutu kuwa 4.5:1 yake bukata, bisa sashe na 1.4.3. Farin rubutu a kan rawaya ba ya kaiwa.

Inda aka fi yin sakaci shi ne hakkin makafi, kuma abin da ciwo, don gyaran layi ɗaya ne a rubutun da aka gina shafin da shi. Manhajar TalkBack, wadda ke karanta wa makafi abin da ke kan allon wayar Android, ba ta ganin adon CSS, wato launi da layin da aka ƙawata shafi da su. Sashe na 4.1.2 ya ce a bayyana halin alamar yadda manhaja za ta iya karantawa. A cikin HTML, harshen gina shafi, sai a rubuta aria-current idan mahaɗi ce (mai kai mutum wani adireshi), aria-pressed="true" idan maɓalli ce. Kada a sa aria-selected a kan mahaɗi, ba wurinsa ba ne.

Wani lokaci shaidar zaɓin kan ɓace da zarar an sabunta shafi, saboda an ajiye zaɓin a JavaScript kawai, harshen da ke sarrafa motsin shafi. A riƙa karanto shi daga adireshin shafin. Kafin a miƙa aiki, a mayar da allon waya baƙi da fari, a taɓa kowace alama, a duba ko ana gane wadda aka zaɓa.